Injin sassaƙa na CNC: a binciki wuta da waya kafin a sayi sabon moto

Duk wanda ke leƙa wuraren sayar da kayan ɗaki a Kano, Kaduna da Abuja cikin 'yan shekarun nan zai lura da wani irin zane a jikin ƙofofi, allunan gado da kabet ɗin kicin, zanen da hannun mutum ba zai iya maimaita shi sau ɗari iri ɗaya ba. Aikin injin sassaƙa ne mai bin umarnin kwamfuta, wanda aka fi sani da CNC. Da yawa daga cikin waɗannan injuna daga birnin Jinan na lardin Shandong a ƙasar Sin ake shigo da su, kuma samfurin da ya fi yawa shi ne wanda ake kira 1325, saboda teburinsa milimita 1,300 ne a faɗi, 2,500 a tsawo, daidai yadda falankin MDF mai ƙafa huɗu da takwas zai kwanta a kai. Kafinta ko mai rubuta allunan talla da ya sayi irin wannan inji ya zuba jari mai nauyi, wani ma da bashi. Matsalar tana farawa ne ranar da injin ya tsaya cak a tsakiyar aiki, wata lamba ta fito tana ƙiftawa a cikin akwatin lantarkinsa. Hukuncin da aka fi saurin yankewa a irin wannan rana shi ne moto ya ƙone ko enkoda ta mutu, sai a shiga neman dala a yi odar sabo. Ra'ayina shi ne wannan gaggawa ce ke cinye kuɗin masu sana'ar fiye da lalacewar kanta. Moto da enkoda su ne ya kamata a tuhuma a ƙarshe, bayan an wanke wuta, waya da ƙarafan da ke motsi.

Kafin a yarda da wannan ko a musa, dole a san yadda injin ke tafiya. Bakin yankan yana motsi ta fuska uku: hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Kowace fuska tana da motonta, kowane moto kuma yana da akwatin da ke ba shi wuta gwargwadon umarnin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira diraiba. Motocin iri biyu ne. Akwai sitefa, mai juyawa taki-taki, galibi taki 200 a zagaye ɗaya, wato digiri 1.8 kowane taki. A tsarinsa na asali kwamfuta tana aika umarni ne kawai, ba ta samun amsa. Idan ta ce a yi taki dubu, wani abu ya tare hanya aka yi ɗari tara, ba ta da labari. Za ta ci gaba da yanka a inda bai dace ba har falankin ya lalace. Sai kuma iri na biyu, wanda ake kira sabo (servo), mai ɗauke da enkoda a bayansa. Enkoda ƙaramar na'ura ce da ke ƙirga juyin moto tana kai rahoto ga diraiba a kowane lokaci. Ƙirgar tata ba ta wasa ba ce: a jerin Sigma-5 na kamfanin Yaskawa na Japan, enkoda mai bit 20 tana raba zagaye ɗaya gida 1,048,576. Diraiba yana kwatanta inda aka ce moto ya je da inda enkoda ta ce ya kai. Da tazarar ta wuce iyakar da aka sa, ko rahoton ya katse, sai ya tsayar da komai ya nuna lamba.

Wannan lamba ita ce abu mafi daraja da mai inji ke da shi a wannan lokaci, kuma ita aka fi wulaƙantawa. Abin da yaron shago ya saba yi shi ne ya kashe injin ya sake kunnawa, lambar ta ɓace, a ci gaba da aiki har ta dawo, ba wanda ya rubuta ta. Alhali kowace lamba magana ce takamaimai. A diraiban Yaskawa, A.410 na nufin ƙarfin wuta ya yi ƙasa, A.400 ya yi sama, A.710 da A.720 nauyi ya fi ƙarfin moto, A.d00 tazarar da ke tsakanin umarni da inda aka kai ta wuce iyaka, A.C90 kuma sadarwa tsakanin enkoda da diraiba ta yanke. A na kamfanin Delta na Taiwan, AL003 ƙarancin wuta ne, AL006 nauyi, AL009 tazara, AL011 matsalar enkoda. A duba jerin da kyau. Babu lamba ɗaya a ciki da ta ce moto ya ƙone. Hatta wadda ta ambaci enkoda, abin da take faɗa shi ne saƙo bai iso daidai ba, saƙon kuwa ta cikin siririyar waya mai tsawon mitoci da yawa yake bi, ta ratsa fulogi biyu ko uku, tana lanƙwashewa tana miƙewa duk lokacin da injin ya motsa. Wanda ya ga A.C90 ya ruga ya sayi sabon moto, ya bar jaki ne yana dukan taiki, domin tsohuwar wayar da zai jona wa sabon moton ita ce za ta sake kawo masa lambar.

Wayar nan ta cancanci a tsaya a kanta. A cikin injin akwai wata sarƙar roba da wayoyi ke kwance a cikinta, tana naɗewa tana warwarewa sau dubbai a yini. Idan ba wayar da aka yi domin lanƙwasa aka sa ba, zaren jan ƙarfen da ke ciki yana karyewa a hankali alhali rigar robar tana nan lafiya lau a ido. Alamar wannan cuta a fili take ga mai lura: injin yana tsayawa kusan a wuri ɗaya a kan teburi, ko kuma lambar tana fitowa idan an girgiza wayar da hannu. Akwai kuma fulogin da jijjiga ta sassauta, da garin katako mai laushi kamar fulawa da ke shiga ramukansa ya haɗu da laima a damina, da ɓeran da ya kwana a akwatin lantarki saboda ɗumi. Sannan akwai abin da ido ba ya gani sam. Babban moton da ke juya bakin yankan yana gudu har zagaye 18,000 ko 24,000 a minti ɗaya, kuma inbata ce ke ba shi wuta ta hanyar datsa ta da sauri ƙwarai. Wannan datsawa tana watsa hayaniyar lantarki da ke iya shiga wayar enkoda ta gurɓata ƙirgar. Shi ya sa littafin Yaskawa ya ce a raba wayar wuta da ta enkoda da aƙalla santimita 30, a yi amfani da waya mai rigar raga ta ƙarfe, a kuma haɗa injin da ƙasa yadda ya kamata. Idan lambar enkoda ba ta fitowa sai an kunna babban moton, to ba sai an je da nisa ba, hayaniya ce, maganinta kuma gyaran shimfiɗar waya da kafa sandar ƙasa ta gaskiya. A nan Arewa ma sai an ƙara kula, domin ƙasa tana bushewa ƙayau da rani, sandar da ke aiki a watan Agusta tana iya zama kusan banza a watan Maris.

Akwai wata gaskiya kuma da ke juya lissafin gaba ɗaya. Enkoda a bayan moto take, saboda haka juyin moto kaɗai take gani, ba ta ganin bakin yanka. Idan ɗan notin da ke riƙe giya a kan sandar moto ya kwance, moto zai juya daidai, enkoda ta kai rahoto cewa komai lafiya, giyar kuwa tana zamewa. Sakamakon shi ne da'ira ta fito kamar ƙwai, layi ya ƙi komawa inda ya faro, kuma babu lambar da za ta fito. Mai inji ya ga aiki ya karkace sai ya ce enkoda ta rikice, alhali ita ba ta da laifi. A ɗaya ɓangaren, idan titin ƙarfen da injin ke zamewa a kai ya bushe ba giris, ko garin katako ya daskare a tsakanin haƙoran ƙarfe, ko boris ya cije, moto zai yi ta jan wuta yana fama har lambar nauyi ko ta tazara ta fito. Gwajin wannan ba ya cin ko kwabo: a kashe wuta, a tura injin da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a ji inda ya yi tauri. Haka nan bakin yankan da ya dakushe, ko gudun da ya fi ƙarfin katakon da ake yanka, duk suna kawo lamba iri ɗaya. Idan an gama duk wannan ba a ga komai ba, sai a zo gwajin musanya: a ɗauki waya ko diraiban fuskar da ke ciwo a sauya da na wata fuskar, in girmansu da saitinsu ɗaya ne, a ga ko matsalar za ta bi wayar, ko diraiban, ko ta tsaya a kan moton. Sai ta tsaya a kan moton ne ake da hujjar kashe kuɗi a kansa. Amma wannan aiki yana da ƙa'ida. Ba a zare wayar moto alhali diraiba na da wuta, domin hakan na iya ƙona shi nan take. Kuma ko bayan an kashe, akwai ragowar wuta mai iya kisa a cikin diraiban sabo, ba a taɓa shi sai fitilar gargaɗinsa ta mutu.

Masu shago za su ce duk wannan magana ce ta wanda ba a tsaye a kansa. Biki saura kwana biyar, uwar amarya tana ta kiran waya kan gado da kabet, wa ke da lokacin girgiza waya ɗaya bayan ɗaya? A sauya abin da ake zargi kawai a wuce wurin. Damuwar gaskiya ce, amma lissafin bai fita ba. Binciken da na zayyana yini ɗaya ne ga wanda ya san abin da yake yi, wani lokaci ma sa'a biyu. Moton sabo kuwa ba a kowane shago ake samunsa ba, dole ya dace da diraiban da ke wurin, kuma idan daga Sin za a kawo shi ana maganar kwanaki ne ko makonni. Ga tsada: tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala da ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba ta haura 1,500 a 2024, kuma duk kayan gyaran injin nan da dala ake sayensu. Mai gaggawar da ya yi oda bisa zato, in zaton ya kuskure, ya yi asarar kuɗin, ya yi asarar makonnin, ya kuma dawo kan binciken da ya guje wa tun farko. Mafi muni shi ne wata dabara da wasu ke yi don a huta da lambar: su shiga saitin diraiba su faɗaɗa iyakar tazara har ya daina ƙorafi. Injin zai ci gaba da tafiya, amma abin da ke cije shi yana nan, sai dai yanzu ba mai tsayar da shi, har sai giya ta cinye ko moton ya ƙone da gaske.

Wasu kuma za su ce laifin kayan ne, injin Sin ba ya ƙarko, da na Jamus ko na Italiya ne da ba a ga haka ba. Akwai ƙanshin gaskiya a nan: domin a rage farashi, wasu masu haɗa injuna suna sa waya mai araha da fulogi mara ƙwari, wanda ya matsa a rage masa kuɗi kuma a irin waɗannan wurare ake zaftare masa. Sai dai wannan hujja tana goyon bayan maganata ne, domin ta nuna raunin a waya da haɗi yake. Moto da diraiban da ke cikin injuna da yawa na sanannun kamfanoni ne irin su Yaskawa, Delta da Leadshine, waɗanda masana'antu a ƙasashe da dama ke aiki da kayansu. Abin da ya kamata a tambaya shi ne a wane hali muke sa su aiki. Littafin motocin Sigma-5 ya ce zafin wurin kada ya wuce digiri 40, zafin Kano kuwa a watan Afrilu yana kai wannan a inuwa, balle a shagon kwano mara taga. Ga ƙurar hunturu a kan garin katako, tana toshe fankar akwatin lantarki. Injin Jamus ma in aka ajiye shi a nan babu mai zuƙe ƙura, babu iska, babu wayar ƙasa, zai nuna tasa lambar.

Sai batun wuta, wanda shi ne hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu cewa ba laifinsu ba ne. Ba na musun cewa mai sana'a a Najeriya yana aiki ne da wutar da ba ta da tabbas. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta, kowa ya koma kan janareta. Amma sanin cewa wutar ba ta da kyau shi ne dalilin da ya sa ya kamata a fara auna ta kafin komai. Idan janareta ɗaya ke ɗauke da injin sassaƙa da kwamfuresa da babban zarto, ko maƙwabci mai walda yana kan layi ɗaya, duk lokacin da ɗayansu ya tashi wuta za ta faɗi na ɗan lokaci, diraiba ya nuna ƙarancin wuta. Idan wutar ta riga ta yi sama, lokacin da injin ya ja birki moto yana mayar da wuta baya, sai lambar yawan wuta ta fito. Idan layi ɗaya cikin layukan wuta uku ya ɗauke, wata lambar ce daban. Mita mai araha a hannun wanda ya iya karanta ta tana warware wannan cikin minti goma. Akwai ma abin da doguwar ɗaukewar wuta ke tonawa: wasu enkodoji suna riƙe matsayinsu ne da ɗan batir mai bolt 3.6. In ya yi sanyi Yaskawa yana nuna A.830, in ya mutu alhali inji a kashe sai A.810, matsayin ya goge. Maganin batir ne da sake saiti, kuma ƙa'idar ita ce a sauya batirin alhali wutar sarrafawa tana kunne. Abin takaici ne a yi odar moto saboda batirin da bai fi ɗan yatsa ba. Wanda ya iya sayen injin miliyoyin naira, sitabilaiza mai ƙarfi da layin wuta na injin shi kaɗai suna cikin kuɗin injin, ko mai sayarwa ya faɗa ko bai faɗa ba.

Akwai masu ganin mafita ita ce a guji enkoda gaba ɗaya, a tsaya kan sitefa tunda shi ba ya damun mutum da lamba. Ga ƙaramin shago mai aiki mara nauyi wannan zaɓi ne mai ma'ana, yana da araha kuma gyaransa ya fi sauƙi. Amma kada a ɗauka rashin lamba lafiya ce. Yawancin cututtukan da na lissafa suna kama injin sitefa, bambancin kawai shi ne ba ya faɗa, sai an ɗaga falankin an ga ya lalace.

Ba ina cewa moto da enkoda ba sa mutuwa ba ne. Suna mutuwa: boris yana cinyewa, ruwa ko mai yana shiga, naɗin waya yana ƙonewa. Sai dai sau da yawa hannun mai gyara ne ke ƙarasa su. A cikin enkoda mai aiki da haske akwai faifai siriri mai ɗauke da layuka, wanda bugun guduma ɗaya a kan sandar moto, garin cire giya, ya isa ya lalata shi. Kuma an daidaita zamanta da maganaɗisun moton tun daga masana'anta, in aka kwance ta aka mayar da ka, moton zai yi ta fizga ko ya ƙi tashi. Masu naɗin moto da muke da su a kasuwanninmu gwanaye ne a kan injin niƙa, famfon ruwa da fanka, ba wanda zai raina musu. Moton sabo dai wani fanni ne daban, ba a koya musu shi ba, kuma ba laifinsu ba ne.

A nan ne nauyin ya koma kan waɗanda ya kamata su koyar. Muna da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, da aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, da aka kafa a 1971 mai hedkwata a Jos, ga kwalejojin kimiyya da fasaha a Kaduna, Kano da sauran jihohi, ga dubban masu sana'ar hannu a wurare irin Panteka. Abin da ake buƙata bai kai digiri ba. Kwas ne na 'yan makonni, a kan inji na gaske, a yi bayaninsa da Hausa, inda matashin da ya riga ya iya wayarin zai koyi karanta lambar diraiba, auna wuta, gwada waya da kafa sandar ƙasa. Injunan suna ƙaruwa, kuma irin motocin da ke cikinsu su ne a injunan ɗinkin kwamfuta, na buga takardu da na cika leda a masana'antu, don haka wanda ya koya ba zai rasa aiki ba. Su kuma 'yan kasuwar da ke shigo da injunan, bai kamata su miƙa inji ba tare da zanen wayoyinsa, littafin diraiba da kwafin saitinsa ba, kuma mai saye yana da haƙƙin ya ƙi biyan cikon kuɗi sai an ba shi su.

Kai kuma mai shago, ba sai ka jira hukuma ba. Ka ajiye littafi kusa da injin, ka umarci yaranka cewa duk lambar da ta fito a rubuta ta ko a ɗauki hotonta kafin a kashe, tare da inda injin ya tsaya, aikin da yake yi, da ko wutar gari ce ko janareta. Ka sa a riƙa share titin ƙarfe da haƙora kullum, a sa giris a kan lokaci, a buɗe akwatin lantarki a tsabtace fankarsa bayan an kashe wuta. Ka tanadi wayar enkoda guda da batir guda a ajiye. Duk mai gyaran da ya ce maka a sayi sabon moto, ka tambaye shi lambar da ya gani, nawa ya samu da ya auna wuta, da abin da ya faru da ya musanya waya. In ba shi da amsar waɗannan uku, kada ka fitar da kuɗinka.